Shekarar da Aka Yi Mana Sassauci

Ranar Babbar Sallar da ta wuce ina kishingiɗe a zaure, kuna tsakar gida kuna suyar nama, sai na ji Nasiru yana gaya wa matarsa cewa da ba don zuciyar Baba ba, da har yanzu muna zaune a Gusau. Da dariya ya faɗa, ku ma kuka taya shi, Innarku kuwa ta yi shirun nan nata da ya fi amin ƙarfi. Ban fito ba, domin na san in na fito a lokacin, duk abin da zan faɗa gaskata shi kawai zai yi. Zuciya kam ina da ita, gado ce, kuma kai Nasiru kada ka cika dariya, na ga yadda kake yi da direbobi a hanyar Bunguɗu. Amma yawancinku kuna ƙanana sa'ad da abin ya faru. Abin da kuka gani shi ne an loda katifunmu a mota cikin ruwan sama. Abin da ya zo kafin katifun ba ku gan shi ba, shi zan rubuta muku, ku karanta ko ina raye ko na tafi.

Kun san na ƙarar da ƙarfina a gidan gurzar auduga, wanda mu a nan muke ce wa gidan kaɗa. Ba zan kira sunansa ba, masu shi suna nan da ransu. Da ɗaukar dila na fara, wato ƙunshin audugar da inji ya matse, har na zama heluma, shugaban leburori. A zamanin tsohon Alhaji mai gidan, aikinmu da damina ba su taɓa yin faɗa ba. Kaɗa tana shigowa da kaka, inji ya yi ta kuka har bazara. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas sai aiki ya yi sanyi, Alhaji da kansa ya fito bakin ƙofa ya ce mutane su tafi gona, Allah ya ba da damina mai albarka. Mutanen Rawayya su nufi gida, na Mada da Magami su nufi nasu, na wajen Tsafe su tari motar Funtuwa. Kowa ya san gurbinsa yana nan yana jiransa. In mutum ya dawo da kaka ba mai tambayarsa daga ina, sai dai a ce masa ya amfanin gona. In ya rasu a tsakani, ƙanensa ya zo ya tsaya a gurbinsa. Kada ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari, Alhaji ya iya matse lebura kamar yadda injinsa ke matse kaɗa, kuma na sha yin cacar baki da shi. Amma manomi ne ɗan manomi, ya san wanda bai yi shuka ba ba zai iya ɗaga dila da kaka ba. Mu kaɗan ne muke zama duk shekara, ni da masu gadi da makanikan inji, mu aka ba ɗakuna a kwatas ɗin bayan sito, inda aka haife ku duka in ban da auta.

Da Allah ya yi wa Alhaji rasuwa, magada suka kasa jituwa a kan wanda zai riƙe gidan, suka ɗauko manaja daga waje. Malam Bashir sunansa, matashi ne mai fara'a da tsafta, ba ya wuce dattijo bai rusuna ba. Ina faɗa muku wannan ne don kada ku zana shi a ranku da ƙaho. Da mai zagi ne da abin ya zo mini da sauƙi. Kakarsa ta farko kallo ya yi ta yi da tambaya, bai taɓa komai ba. Da bazara ta kama, kaɗa ta ƙare, mutane sun fara ɗaure kayansu, sai ya sa na tara masa su a gindin dogon yaron da ke bakin ƙofa.

"Iyayena da yayyena," in ji shi, "zamani ya canza, kamfanoni ma sun canza yadda suke ɗaukar ma'aikata. Mun zo muku da sabon tsari, tsari mai sassauci. Daga yanzu ba da kaka kaɗai za a yi aiki ba, ko da damina in aiki ya samu za a kira ku. Kowa ya ba da lambar wayarsa, akwai kamfanin da zai riƙa kula da sha'aninku."

Ku 'yan boko ne, wataƙila kun san kalmar Turancin da ya juya ta koma sassauci a bakinsa. Mu ba mu san ta ba. A wurinmu sassauci shi ne abin da ake cewa an samu in zazzaɓi ya sauka, shi alƙali ke yi wa mai laifi in ya tausaya masa, shi ake roƙon Allah ya kawo in hatsi ya yi tsada. Ba wanda ya taɓa jin an yi wa talaka sassauci ya cutu. Sai wurin ya ɗauki hamdala. Baba Mani, wani dattijo mutumin Magami da ya riga ni shiga gidan, ya ɗaga hannu ya ja fatiha, kowa ya shafa, ni ma na shafa har gemu.

"Heluma, wanga yaro ɗan albarka na," ya ce da ni muna watsewa. "Tun da nike aiki gidan ga, ba a taɓa ce za a yi muna sassauci ba sai yau."

Ba a jima ba sassaucin ya nuna halinsa. Wani mutum ya zo daga Kaduna da jaka a hammata, ya ce shi ne wakilin kamfanin kwangilar da leburori suka koma hannunsa. Ya ce daga yau ba wanda ke da gurbi, kowa ɗan ko-ta-kwana ne. Ranar da aka yi aiki a biya, ranar da ba a yi ba Allah ya ba da haƙuri. In an kira wayar mutum dole safiya ta same shi a bakin ƙofa, wanda kuma aka kira bai zo ba an soke shi ke nan, har aikin kaka ma kada ya sa rai. Ya faɗi wannan ya hau motarsa, ban sake ganin idonsa ba. To ku duba. Mutumin da ke bayan Magami, wanda sai ya hau tudu yake samun sabis a wayarsa, ta ina kira zai same shi yana duƙe a gona? In ma ya same shi, wace mota zai samu ta kawo shi Gusau kafin hantsi, a hanyar da direbobi ba sa bi sai rana ta ɗaga saboda tsoro? Amsar ita ce kada ya tafi gonar. Sai a lokacin na gane wanda aka sassauta wa. Igiyar da ke wuyan kamfani aka kwance, aka ƙara ta a kan wadda ke wuyan lebura. Har yau in na tuna da hannuna na shafa fatihar nan sai in ji abinci ya fita raina.

Haka mutane suka kwance kayan da suka ɗaure. Kullum da safe su taru a gindin dogon yaro, kowa da wayarsa a hannu, magidanta masu mata da 'ya'ya, suna layi wurin mai caji kamar masu jiran awo. Wasu suna kwana a barandar shaguna a Tudun Wada, wasu a masallacin tasha. Ruwan farko ya sauka, suka ce ai na wanke ƙura ne, ba a shuka da shi. Na biyu ya zo wata Laraba da la'asar, ruwa na sosai, irin wanda ke ratsa ƙasa har ya wuce tsawon hannu. Washegari ƙamshin ƙasa ya cika gari, wayoyi kuma suka fara ƙara. Duk wadda ta yi ƙara sai ka ga mai ita ya zabura yana zaton kamfani ne, sauran su yi tsit suna kallon bakinsa. Sai ka ji muryarsa ta faɗi. Matarsa ce, ko tsohonsa, ana gaya masa ruwan shuka sun sauka, maƙwabta sun fita da sungumi, shi ake jira. Na ga ƙato mai ɗaukar dila shi kaɗai ya juya baya yana cewa tsohuwarsa ta ƙara haƙuri, aiki na nan tafe. Wanda ya yi noma ya san gero ba ya jiran kowa. In ka bar ruwan shuka ya wuce ka, abin da za ka girba da kaka ba zai kai ka watan azumi ba.

Na kira lambar mutumin Kaduna, ya ce shi ba ruwansa, sai kamfani ya ce yana son mutane. Sai na kakkaɓe hulata na shiga ofishin Manaja. Ya miƙe ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi.

"Ranka ya daɗe, ruwan shuka sun sauka," na ce masa. "Mutanen ga na son su san matsayinsu. Akwai aiki ko babu?"

"Muna sa rai, Malam Garba. Muna neman a ba mu ajiyar takin zamani, tunda sitonmu babu kaɗa a ciki. In ta faɗa mana, tireloli za su zo, kuma dole a sauke su a ranar."

"Yaushe?"

"Zai iya zama gobe, zai iya zama wata mai zuwa. Mai yiwuwa ma wasu su riga mu."

"To kahin nan mi za su ci? Ko abincin rana a riƙa ba su, tunda don ku anka aje su."

"Ai yanzu ba ma'aikatanmu ba ne, na kamfanin kwangila ne. Mu aiki muke saya, ba zama ba, amfanin tsarin ke nan. Kuma ni ban ga abin da ya canza sosai ba. Da ma haka kuka saba, in akwai aiki ku zo, in babu ku tafi."

Wannan maganar ita ta fi ƙona mini rai, kuma har gobe tana ƙona shi. A ɗauki al'adar da ta riƙe gidaje tun kafin a haife shi, a cire mata rabin da ke amfanin talaka, a miƙo maka ragowar a ce ai taka ce. Na haɗiye abin da ya taso mini, na ce masa da in babu aiki gona ake zuwa, yanzu kuwa in babu aiki gindin itace ake zuwa. Ya yi murmushi kamar na ba shi labarin ban dariya.

"Ka riƙe mini su, maganarka suke ji," ya ce. "Ka ce musu aiki yana hanya. Kai ai ba abin da ya taɓa ka, kana cikin ma'aikatanmu na dindindin. Ga ɗakinka, ga yaranka a makaranta."

Bai faɗe ta da barazana ba, amma na ji ta daidai inda aka aike ta. Na fito ina ta juya abu ɗaya a raina. Kamfani ya ce mutanen na ɗan kwangila ne, ɗan kwangila ya ce sai kamfani ya kira, mutum da gemunsa da iyalinsa ya wayi gari ba na kowa ba, amma kuma ba shi da ikon kansa. Lokacin sabon abu ne a wurinmu. Yau ga ƙanwarku Safiya nan a banki, rigarsu a jikinta, sunansu a ƙirjinta, amma ranar da ta kwanta asibiti sai aka ce ai ba ma'aikaciyarsu ba ce. Kun saba da abin har ba kwa jin warinsa. Ni ban saba ba, kuma ina roƙon Allah kada ya sa in saba.

Da yamma na gaya wa Innarku yadda muka yi. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, heluma anka naɗa ka, ba a naɗa ka uban kowa ba. Kowanensu da gemunai, in shina son gona ya san hanya."

"Hajara, ce mani anka yi in yi masu ƙarya."

"To kak ka yi ƙaryar. Ka yi shiru, shiru ma magana ta. Rabi na ajin ƙarshe, jarrabawa ta kusa. In kab buɗe bakin ga naka, mu ka kwana waje, su suna gidajensu."

Ku rubuta wa uwarku wannan, duk abin da ta hango ya faru, ko ɗaya bai kuskure ba. Na kuma yi niyyar bin shawararta, Allah shi ne shaida. Da safe na fito da nufin in gaishe su in wuce sito. Amma shirun heluma a wurin leburori ba shiru ba ne. Sun ga na shiga ofis jiya, in na wuce ban ce komai ba, fassararsa a wurinsu ita ce su ci gaba da zama. Ina isowa gindin dogon yaro suka miƙe gaba ɗaya, Baba Mani ya tako ya tare ni.

"Heluma, kai ad da kunne ciki. Mu tahi ko mu tsaya? Abin da kac ce shi za mu yi."

Ku gaya mini, ku masu cewa zuciya ce, me mutum zai ce a nan? Dattijon da ya koya mini yadda ake saɓa dila ba ta karya ƙugu ba, ya sa abincin gidansa na shekara a tafin hannuna, yana kallon idona. A ranar ko ɗigon fushi babu a raina, tsoro ne fal cikina, ina ganin fuskar Rabi da littattafanta. Na dai buɗe baki.

"Ni ban san ranar da aiki ka zuwa ba. Manaja ma bai sani ba, da bakinai yag gaya mani. Abin da nis sani, ƙasa ta jiƙa, kuma ba ta jiran waya. Guntun gatarinka ya hi sari ka ba ni. Ku tashi ku tai ku yi shuka."

Wani daga baya ya ce, "Aikin kaka hwa, heluma? An ce soke mu za a yi."

"Kaɗa ba ta gurzar kanta. In taz zo, dole su neme ku."

Kafin azahar gindin itacen ya zama fili, sai ɓawon gyaɗa da ledojin ruwa. Mutum kaɗan suka rage, cikinsu har da Ɗan'azumi, abokina, wanda kuka sani yana zuwa cin tuwo gidanmu ran Juma'a. Shi ƙauyensu yana can bayan Tsafe, kuma tun shekarar da ta gabata 'yan bindiga suka tashe su, iyalinsa suna raɓe a wani kango a bakin gari.

"Garba, ni ina za ni?" ya ce da ni. "Gonata wasu ad da ita yanzu."

"Zamna, Ɗan'azumi," na ce masa. "Kai naka daban na."

Manaja ya ji labari kafin in kai sito, amma bai kira ni ba. Kullum in mun haɗu ya rusuna ya tambayi iyali, ni kuma in amsa, kowa ya san abin da ke cikin ɗan'uwansa. Aka yi ta ruwa, gero ya tsiro, aka shiga noman farko, ba tirela ba labarinta. Har Innarku ta fara sakin fuska. Sai wata safiya muka tashi muka ga tireloli sun yi layi daga ƙofa har bakin titi. Ba zan ɓoye muku ba, aikin ya zo, Manaja bai yi ƙarya ba da ya ce suna sa rai. Aka yi ta kiran wayoyi, wasu ba sa shiga, waɗanda suka shiga kuma masu su suka ce suna tsakar gona. Direbobi suka yi ta zage-zage, aka kwaso 'yan dako daga tasha waɗanda ba su san kan sito ba, suka farfasa buhuna, ruwa ya sauko ya jiƙa wasu. Ni da Ɗan'azumi muka tuɓe riga muka shiga ɗauka, da furfurata. Duk aikin da aka so magidanta su saryar da daminarsu dominsa bai cika mako guda ba aka gama shi.

Ranar da tirelar ƙarshe ta fita aka kira ni ofis. Wannan karon ba a kawo ruwan sanyi ba, amma kujera an ba ni. Malam Bashir ya ce yana ganin girmana, kuma abin ya yi masa ciwo, sai dai magada sun ce wanda ya kore wa kamfani ma'aikata ba zai ci gaba da cin albashinsa ba. Na ce masa ai da bakinsa ya gaya mini ba ma'aikatansu ba ne, ta yaya na kori abin da ba su da shi? Ya dai ce a ba da makullin ɗaki kafin ƙarshen wata. A nan kam na yi zuciya, kuma na faɗi maganganun da ba zan rubuta su a takardar da jikokina za su karanta ba. Amma ku lura da kyau, an riga an sallame ni kafin in faɗe su.

Sauran kun gani da idonku. A-kori-kura ta kwashe mu zuwa garinmu Rawayya, ruwa ya kama mu tun muna lodi, Innarku ta rungume keken ɗinkinta ta lulluɓe shi da zanenta har muka isa. Abin dariyar da ba dariya ba shi ne, ni da na tura kowa shuka ban shuka ko ƙwaya ba. Gonar gadonmu tana hannun ƙanena, baffanku Isa, tun da na zauna birni, kuma lokacin da muka iso gero ya kai gwiwa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Muka zauna a ɗakin tsohuwata da ke yoyo, muna ci daga rumbun Isa, Allah ya saka masa, bai taɓa nuna mana a fuska ba, ko da yake matarsa ta iya ajiye kwano da ƙara. Rabi ba ta zauna jarrabawarta ba a shekarar. Ƙawayenta suka wuce, ita tana surfe. Har yau ba ta taɓa ce mini komai a kai ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Rabi, in kin zo wannan wurin, ki sani na san abin da aka biya da ke.

Da kaka ta yi, labari ya zo cewa kaɗa ta fara shiga Gusau, kuma ana neman hannu. Yadda na faɗa haka aka yi, ba wanda aka soke, domin ba su da wasu da suka san aikin. Na yi kwanaki ina kokawa da kaina. Namiji da iyali ba ya zama yana jiran kwanon ƙanensa. Wata safiya na sa tsohuwar rigar aikina na hau motar farko, na ce ko ɗaukar dila ce zan koma, ai da ita na fara. Na tarar da gindin dogon yaro cike, duk fuskokin da na sani, sun yi ƙiba irin ta sabon hatsi. Suka yi ta gaishe ni, heluma sannu, heluma ya iyali, amma ba mai iya daɗewa yana kallona. Na shiga layi na tsaya a cikinsu. Da aka buɗe ƙofa sai ga sabon heluma ya fito zaɓen mutane, Ɗan'azumi ne. Na yi masa murna a raina, har ga Allah, domin ya fi kowa buƙata. Yana tafe yana nuna mutane da yatsa suna shiga, har ya iso kaina. Hannunsa ya tsaya.

"Garba," ya ce a hankali, idonsa a ƙasa, "an ce kowa a ɗauka, ban da kai."

"Yi aikinka, Ɗan'azumi," na ce masa.

Ya wuce ni ya nuna na bayana. Na koma gefe na tsaya. A raina na ɗan sa rai wani zai ce in ba heluma ba mu shiga, ko mutum ɗaya. Ba wanda ya ce. Suka bi ta gabana ɗaya bayan ɗaya, waɗanda na tura gona, kowa ya sunkuyar da kai ya shige. Na ji haushinsu a ranar, haushi mai tsanani, ko da yake na san kowannensu akwai bakunan da ke jiransa a gida. Baba Mani ne na ƙarshe, don ƙafarsa ta fara ja. Ya zo daidai ni ya tsaya, ya kama hannuna da hannayensa biyu.

"Heluma," ya ce, "gero ya yi bana. Rumbuna ya cika har na aza saura bisa ɗaki."

Na ce masa madalla. Jiniya ta yi kuka, ya saki hannuna ya shiga, maigadi ya ja ƙofa. Na taka zuwa tasha na hau motar Rawayya.

Da na iso gida Innarku tana bakin murhu. Ta dubi rigata ta ga ba ko zaren kaɗa a jikinta, ta tambaye ni yadda aka yi. Na ce mata gero ya yi a Magami. Ta ce to madalla, ta miƙo mini tuwon da aka aiko daga ɗakin Isa.